Shagunan da muka gina da kwalbatin da muka manta

Na daɗe ina aiki a sashen tara kuɗin shiga na wata ƙaramar hukuma a jihar Gombe, kuma babu aikin da ya tsaya mini a rai kamar na kasuwar hatsinmu.

Rashin kuɗi ne ya tayar da maganar. Kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya ake raba wa ƙananan hukumomi 774, kuma a lokacin sai namu ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha kafin ya iso. In an cire albashin malaman firamare, da na ma'aikatan lafiya, da namu, abin da ya saura bai taka kara ya karya ba. Amma tsarin mulkin 1999 ya bar mana kasuwa da tasha da kwata. In akwai kuɗin da za mu kira namu, to a nan yake.

Ga masara, ga wake, ga waken suya, duk manomanmu na nomawa, amma kayan ba sa kwana. A-kori-kura ke kwashe su zuwa Tudun Hatsi a cikin Gombe, inda masu saye daga kudu ke lodi. Can ake biyan kuɗin buhu, can 'yan dako ke samun na cefane, mu kuwa sai ƙurar mota.

Muka ce shaguna da sito ne babu. Tunda baitulmali ba komai, muka ƙulla da wani ɗan kasuwa: hukuma ta ba da fili, ya gina da kuɗinsa, ya ci haya na wasu shekaru, sannan ginin ya dawo hannunmu. Ni na rubuta takardar, har na ƙara da cewa a yafe wa masu kama shago harajin shekara guda. Aka buɗe da kiɗa da jawabai. Kaka ta zo ta wuce, ƙofofin na rufe, awaki ne kawai ke shan inuwa a barandar.

Ciyaman ya ce in je Tudun Hatsi in ji dalili. Na sami wani dattijon dillali zaune kan buhun masara, da allurar ɗinki soke a hularsa. Na fara yi masa bayanin yafe haraji, ya ɗaga mini hannu.

"Ɗana, tirela tana shiga kasuwar taku da lodi ta fita?"

Na yi shiru.

"Daga bakin kwalta zuwa sikeli, rasit nawa zan yanka?"

Na ce, "Baba, namu ɗaya ne."

Ya ce in koma in ƙirga.

Ranar kasuwa na ajiye babur a bakin kwalta na taka da ƙafa. Igiya huɗu na tsallaka. Ɗaya tamu, ɗaya ta 'yan tasha, biyu kuwa samari ne riƙe da rasit ɗin da ban taɓa gani a ofishinmu ba. Gab da shiga kuma ga kwalbatin da ruwa ya cinye gefensa, rodi a waje. Kullum ina wucewa ta kansa a babur, ban taɓa kallonsa da idon direban da ke ɗauke da tan talatin ba. Ranar na ji kunya ƙwarai.

Kuɗin kwalbatin daga 'yan kasuwar ya fito. Ƙungiyar 'yan hatsi ta biya kuɗin rumfa na shekara gaba ɗaya, bisa sharaɗin ba za a fitar da ko sisi ba sai da sa hannun sarkin kasuwa. Kowace Juma'a ina rubuta abin da aka kashe, na siminti, na marmara, na lebura, in manna a ƙofar masallacin kasuwa. Mutumin da jiya yake ɓuya in ya hango ni da littafin rasit, sai ga shi yana tare ni yana tambayar buhun siminti nawa ya rage.

Cire igiyoyin ne ya fi wuya, domin kowace igiya da ubangidanta. Sai da hakimi ya zaunar da mu sau uku kafin aka yarda da rasit ɗaya a ƙofa ɗaya, a raba daga baya. Samarin nan ba mu kore su ba, don korar ba za ta ɗore ba. Wasu suka koma gadin dare, wasu lodi.

Da tirelar farko ta fita lafiya, direbobi ne suka kai labari, ba mu ba. Mai buhu ya kama shago, mai sikeli ya biyo, sai masu POS da mai shayi. Babu wanda ya tambayi yafiyar harajin nan.

Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, da ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, nake jin ana ta zancen gina sababbin kasuwanni. Ina murna, ina kuma fargaba, saboda kuskuren da ke cikin takardar da na rubuta. Ban sa sharaɗin wanda za a ba shago ba, sai masu hanya suka kama bibbiyu suna sake ba da haya da tsada. Ban kuma tanadar wa matan da ke sayar da ɗanwake da kunu a filin tun kafin a haife ni wuri ba. Har yau suna bayan katanga, a rana. Na rubuta takardar neman a yi musu rumfa sau biyu, ta uku tana kan teburina.