Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Cinikin labari tsakanin Gusau da Kano

Assalamu alaikum. A kashin makon jiya mun tsaya daidai inda na bar rubuta wasan dandamali na koma rubutun fim gadan-gadan. Wannan makon zan jingine labarin kaina tukuna, domin abin da ya cika shekarun da suka biyo baya ciniki ne, kuma wanda bai san yadda cinikin yake tafiya ba, sauran tarihin zai shige masa duhu.

Marubucin da ke zaune a Gusau, ko Ƙaura Namoda, ko Talatar Mafara, kasuwarsa tana Kano. A can aka fara fim ɗin bidiyo na Hausa a 1990, a can kuma ofisoshin furodusoshi suka taru, musamman wajajen Titin Gidan Zoo. Zamanin kaset da faifan CD, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ke riƙe da wuyan harkar, fim ya fito na ɗaya da na biyu a wuce wurin. Satar fasaha da masu tura fim a waya suka durƙusar da wannan kasuwa. Yau abin da ake nema shi ne fim mai dogon zango, wanda za a riƙa sakawa mako-mako a YouTube, ko a tashar talabijin irin Arewa24 da ta fara aiki a 2014. Zango ɗaya galibi kashi 13 ne, wato wata uku. Duk wanda ya ɗauki labarin awa biyu ya nufi Kano, ya sani masu sayensa sun yi ƙaranci.

Abu na farko da sabon marubuci ke jinkirin ganewa shi ne, furodusa da lissafi yake karanta labari. Kai kana jiran ya ce labarin ya taɓa masa zuciya, shi kuwa yana ƙirga gidaje nawa za a yi haya, jarumai nawa za a ciyar, sin (wato fitowa ɗaya a fim) nawa ne na dare. Sin ɗin dare yana cin fitilu da janareto da mai, ga ƙarar janareton da sai an ja shi nesa da doguwar waya don kada ta shiga sauti. Sin ɗin biki yana nufin taron mutane, anko, rumfa, abinci. Asibiti, kotu da ofishin 'yan sanda sai an nemi izini ko an gina na ƙarya. Yaro ƙarami yana gajiya, yana kuka, yana da makaranta. Ruwan sama kuwa kada ma ka rubuta shi sai in labarin ba zai tsaya ba sai da shi. Babban jarumi kwanakinsa ake saye, saboda haka in ka warwatsa shi a gida bakwai, ka tsawaita zamansa a lokeshan, wato wurin ɗaukar fim. In ka tattara sin-sin ɗinsa a gida biyu, ana iya gamawa da shi cikin 'yan kwanaki a sallame shi. Ni a ganina zango ɗaya na sabon marubuci bai kamata ya wuce manyan wurare biyar ko shida ba, da manyan 'yan wasa takwas zuwa goma. Wannan ba tauye fasaha ba ne. Rikicin da aka matse a tsakar gida ɗaya ya fi zafi.

Kayan sayarwa hawa huɗu ne, kuma ba a miƙa su lokaci guda. Na farko jimla ɗaya ko biyu da ke faɗin wane ne, me yake so, me ya tare shi. Misali: bazawara mai riƙon adashin unguwa ta taɓa kuɗin mutane don fitar da ɗanta daga hannun hukuma, ga shi saura kwana goma kwasar matar mai gidan da take haya. In ba ka iya faɗin labarinka a haka ba, bai nuna ba tukuna. Na biyu taƙaitaccen labari, shafi ɗaya zuwa biyu, har da ƙarshensa. Furodusa ba ɗan kallo ba ne, ɓoye masa ƙarshe yana sa ya ɗauka ba ka da shi. Na uku tsarin sin-sin, kowane sin layi biyu ko uku, kashi bayan kashi. Na huɗu cikakken rubutu da maganganu.

Cikakken rubutun yana da fasalinsa. Ga yadda sin yake zama a takarda:

SIN 14. CIKI. ƊAKIN INNA. DARE.
Inna na bakin gado tana ƙirga kuɗin adashi. Ta ji motsin ƙofa, ta tura kuɗin ƙarƙashin filo. Hadiza ta shigo, takalmanta a hannu.
INNA: Daga ina?
HADIZA: Gidan Yaya.
INNA: Yayan naki yanzu ya kira yana nemanki.

Layin farko na mai tsara ɗauka ne, da shi zai haɗa duk sin-sin ɗin ɗakin Inna a ɗauke su rana guda. Takalman da ke hannun Hadiza sun gaya wa mai kallo saɗaɗowa ta yi, kuɗin ƙarƙashin filo sun nuna Inna ma tana da nata ɓoyon, ba tare da kowa ya yi bayani ba. Waɗanda suka fito daga rubutun littafi a nan suke tuntuɓe. Za ka ga an rubuta "ta ji wani abu ya tokare mata ƙirji, ta tuna ranar da mahaifinta ya rasu". Kyamara ba ta ganin ƙirji ya tokare. Sai a nemo abin da hannu ko ido zai yi. Haka doguwar gaisuwa: ina kwana, ina gajiya, ya yara, ya mai jiki, kafin a kai ga magana minti ɗaya ya tafi, mai kallo a waya ya ja gaba. A shiga sin bayan an gama gaisawa, a fita kafin sallama.

Ƙa'idar da aka sani ita ce shafi ɗaya minti ɗaya, in an buga da harafin Courier mai girman 12. A wurinmu lissafin yana ɗan gocewa, domin jarumanmu na ƙara magana daga bakinsu, sai shafi 35 ya haura minti 40. Akwai manhajojin rubutun fim irin Final Draft da Celtx, amma Word ma ya isa in ka daidaita shi. Abu guda: bayan ka mayar da rubutun PDF, buɗe shi a wata wayar ka duba, don wasu haruffan ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, sai su fito da akwatuna a gurbinsu. Kuma PDF ake turawa, da sunanka da lambar shafi a kowane shafi.

Saƙon da aka jefa wa furodusa haka kawai a WhatsApp, da wuya a buɗe shi. Hanya ta fi sauƙi ta hannun darakta, ko mai kwantiniti (mai lura da daidaituwar sin-sin lokacin ɗauka), ko wani marubucin da aiki ya yi wa yawa. In an haɗa ku, maganar ba ta wuce haka: "Ranka ya daɗe, ga taƙaitawar, in ta yi maka sai mu zauna kan sauran." Amsar da za ka ji ita ma sananniya ce: "Malam, turo duka mana in gani, ai mun zama ɗaya." A nan ake rasa labari. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare abin da aka rubuta, ba ta kare tunanin da ke cikin kai ko wanda aka faɗa a hira ba. In ka zauna ka zayyane wa mutum labarinka baki da baki, ya je ya sa wani ya rubuta da wasu sunaye, kama shi aiki ne ja. Haƙƙi yana tabbata da zarar ka rubuta, ba sai da rajista ba, amma rajista da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa, wadda ake yi ta intanet, tana zama hujja ranar gardama. Mafi ƙaranci, ka tura wa kanka rubutun ta imel kafin ka tura wa kowa, kwanan wata ya zauna.

Sai yarjejeniya. Ita dokar ta ce sayar da haƙƙi sai a rubuce, kuma tun kafin ita aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, don haka babu wanda zai ce ka raina shi don ka nemi takarda. Shafi ɗaya ya isa, muddin ya ƙunshi sunan labari, yawan kashi, kuɗi da lokutan biya, da sa hannun shaidu biyu. Sai wasu abubuwa huɗu da aka fi mantawa, su ne kuma ke haddasa rigima. Gyara sau nawa ne a cikin kuɗin? A rubuta biyu, abin da ya haura sabon ciniki ne, in ba haka ba kowane sabon darakta zai dawo da kai farko. Yaya sunanka zai fito? A jerin sunayen fim akwai "Labari" akwai "Tsara labari", kuma ya zama ruwan dare wanda ya ɗauki nauyi ya ɗora sunansa a kan na farko don ya kawo shawara ɗaya. Zango na biyu na wane ne, kuma kana da damar mayar da labarin littafi? Na ƙarshe, in shekara biyu ta wuce ba a ɗauki fim ɗin ba, labarin ya dawo hannunka. Labarai da yawa sun mutu a durowar ofis saboda rashin wannan layin.

Biya kuwa a raba shi uku: kafin alƙalami, sai kaso na biyu ranar miƙa tsarin sin-sin da aka amince da shi, sai cikon ranar miƙa rubutu. A fim mai dogon zango ka riƙa miƙa kashi uku ko huɗu, a biya, sannan ka ci gaba. Wanda ya miƙa 13 gaba ɗaya ya koma mai bin bashi, kuma daga Gusau bin bashi a Kano sai kuɗin mota ya cinye bashin.

Akwai tayin da ke da daɗin ji: "Ba sai na biya ka yanzu ba, za ka riƙa samun kaso daga YouTube." Kafin ka amsa, duba tashar. YouTube ba ya buɗe cikakken kuɗin talla sai tasha ta kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, sannan kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar yake ba mai tasha. Kuɗin kuma ya danganta da ƙasar da masu kallo suke, miliyan ɗin kallo daga gida ba daidai yake da na Saudiyya ko Ingila ba. Asusun yana hannun furodusa, kai ba ka gani. In za ka karɓi kaso, ya zama ƙari a kan kuɗin hannu, kuma a rubuta cewa za a nuna maka shafin lissafin tashar duk wata.

Tacewa ma da ita ake rubutu. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano tana nan tun 2001, ga ta tarayya a sama. Sin ɗin da namiji zai taɓa mace, ko da a labarin mata da miji ne, ɓata takarda ne. Marubucin kirki ya san yadda zai nuna shaƙuwa da kwanon abinci ko gyaran hula.

Mu 'yan Zamfara akwai labarin da ke cin ranmu, na 'yan bindiga, kuma kusan kowane matashi da shi yake farawa. Furodusa yana jin an ce daji da babura talatin sai ya ja baya: ga tsada, ga neman izinin kayan sarki da bindigogin wasa, ga YouTube da ke rage talla a kan bidiyon zubar da jini. Amma labarin bai tsaya a daji ba. Yana gidan da ke Tudun Wadar Gusau wanda 'yan'uwa goma sha biyu suka sauka daga ƙauye, ɗaki bai isa ba, uwargida ta fara ƙirga mudu. Yana wurin mutumin da ke zagaya dangi yana haɗa kuɗin fansa, kowa na kallon gonar da zai sayar. Wannan gida ɗaya ne da waya ɗaya, kuma babu marubucin Kano da zai rubuta shi kamar wanda ya gani. Haka haƙar zinare a yankin Anka da Bukkuyum da gubar dalmar da ta hallaka yara a 2010, haka manoman yankin madatsar ruwa ta Bakolori. Abin da za a kiyaye shi ne harshe: in ka cika maganganu da Zamfarci, jarumin Kano zai kwaikwaya ya mayar da shi abin dariya, a bar wa mai gadi da ɗan aike. Gara ka rubuta da daidaitacciyar Hausa, ka ware mutum ɗaya mai daraja a labarin, ka rubuta a gefe cewa a nemo ɗan yankin ya hau.

Nisa yana da nasa haraji. Hanyar Tsafe zuwa Funtuwa, da ke kai mutum Kano daga Gusau, ba wadda ake bi don ganin dama ba ce, kuma duk wanda ke Zamfara a watan Satumba na 2021 ya san abin da rufe layukan waya ke yi wa mai aiki da intanet. Saboda haka kowane rubutu ya kasance yana imel, yana kuma hannun wani amintacce a Kano. Ranakun ɗauka kuwa wayarka ta zauna a kunne da caji. Jaruma za ta fasa zuwa, mai gida zai ce a tashi kafin magariba, darakta ya kira yana son a haɗe sin uku su zama ɗaya cikin rabin awa. Marubucin da ke ɗaga waya a wannan lokacin shi ake sake nema, ko da akwai wanda ya fi shi iya zance.

Mafi yawan masu cin abinci da wannan sana'a ba da sayar da labarinsu suka fara ba. Sun fara da rubuta kashi biyu ko uku a ƙarƙashin babban marubuci, ko tsara labarin da furodusa ya zo da shi, ko gajerun barkwanci na minti biyar ga matasan unguwa masu tasha, ko wasan rediyo na faɗakarwa. A nan ake koyon cika alkawarin rana. Rajista da ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN tana da amfani, don in ciniki ya lalace akwai inda za a kai ƙara kafin kotu. Kuma kada kowa ya ajiye koyarwa ko shagonsa saboda ya sayar da zango ɗaya, kuɗin rubutu ba wata-wata yake zuwa ba.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan koma kan tarihin, daga zangon farko da aka ba ni in rubuta ni kaɗai.