Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Iskar Fadama Ta Ƙure Ni

Makon jiya na tsaya ne a inda Dattijo, mutumin da nake aiki a ƙarƙashinsa a wurin gyaran kekuna, ya ba ni aron tsohon keken tserensa, tare da sharaɗin kada in kuskura in nufi tsauni sai na yi wata guda cur ina zagaya fadama. To, a cikin watan Afrilu wa'adin ya cika.

Fadamar da nake nufi ita ce s'Albufera, dausayi mafi girma a tsibirin Mayorka na ƙasar Sifaniya, wadda ke kwance a bayan rairayin gaɓar Alkudiya. Duk wanda ya ɗan taɓa Larabci zai gane sunan: al-buhaira, wato ƙaramin teku. Ita ma Alkudiya daga al-kudya ta samo suna, tudu ke nan. Musulmi sun riƙe tsibirin shekaru 300 da 'yan kai, har zuwa 1229 da Sarki Jaume na Ɗaya na Aragon ya ci shi da yaƙi. Ranar da na gaya wa Dattijo ma'anar sunayen sai ya ajiye sifana yana kallona, don shi da aka haifa a wurin bai taɓa sanin garinsu tudu yake nufi ba.

Zagayen ba shi da wuya a ido. Ka fito daga Alkudiya ka bi titin bakin teku, ka haye gadar da suke kira Pont dels Anglesos, gadar Turawan Ingila. An sa mata sunan ne saboda injiniyoyin Ingila, irin su John Bateman, da suka zo a shekarun 1860 suka haƙa magudanai don su busar da fadamar a yi noma. Ruwa dai bai yarda ya tafi duka ba, kuma a 1988 aka mayar da wurin gandun da doka ke karewa, na farko a tsibiran Baliyarik da Mayorka ke cikinsu. Daga gadar sai Can Picafort, ka juya ciki zuwa Muro, ka sauka Sa Pobla cikin gonaki, sannan ka dawo ta wata siririyar hanya da kyauro ya yi wa katanga dama da hagu.

Ni da sassafe nake fita, kafin a buɗe wurin aiki. Ba iska, ba mota, sai zalɓe tsaye cikin ruwa kamar mai gadi, da balbela, da agwagin ruwa suna ta hayaniya. An ƙirga nau'in tsuntsaye kusan 300 a wurin, ni kuwa sauro na fi sani, don shi ke fara yi mini maraba duk lokacin da taya ta yi faci. Gaskiya na raina hanyar. Ina ganin Dattijo ya mayar da ni ɗan koyo ne kawai, alhali kullum ina hango tsaunukan Tramuntana shuɗi-shuɗi daga nesa, ga Turawa garke-garke suna nufarsu.

Ranar Lahadin da aka sa don hawan tsauni, Dattijo ya iso da kekensa, hular kwano a kai, ya dubi nawa ya matsa tayoyi da babban yatsa.

"Ɗana, yau ba tsere za mu yi ba. Ka bar ƙarfi a ajiye saboda dawowa."

"Baba, ai dawowa gangara ce da shimfiɗa. Hawan ne abin tsoro."

Bai ce komai ba, ya danna takalminsa a feda muka kama hanya.

Daga garin Pollença ake fara hawan mashigar tsauni ta Coll de Femenia, kilomita bakwai da 'yan kai, har ka kai mita 515 sama da teku. Ba hawa ne mai tsaye ƙiƙam ba, mugun halinsa shi ne ba ya ba ka hutu. Tun a kwanar farko jinina ya tafasa. Na sa giya mai nauyi, na miƙe a kan feda, na wuce tsohon nan kamar an harbo ni. Na wuce wasu mata biyu, na wuce wani ƙato mai ja da numfashi. Da na kai alamar da ke saman, huhuna na ci da wuta, amma daɗi ya cika ni. Sai da na ɗan jima a tsaye kafin ya ƙaraso, yana juya feda sannu a hankali da giya mafi sauƙi, ko gumin kirki babu a goshinsa. Na so ya yaba mini. Abin da kawai ya tambaya shi ne ko na sha ruwa.

Muka bi ta kusa da Lluc, tsohuwar majami'ar da mutanen tsibirin ke ziyarta, muka ƙara ɗan hawa zuwa Coll de sa Batalla mai mita 576, sannan gangara zuwa Caimari. A nan kam na bi umarninsa sau da ƙafa: a kama birki kafin kwana, ba a tsakiyarta ba, kuma a sa ido kan awaki, don akuyar tsaunin nan ba ta san dokar hanya ba.

Rana ta riga ta take lokacin da muka bar Sa Pobla muka shiga hanyar kyauro, wadda na bi ya fi sau ashirin. Sai na ji kamar wani ya dafa mini ƙirji yana tura ni baya. Abin da ban sani ba, da yake ban taɓa binta da rana ba, shi ne iskar da suke kira embat. Idan rana ta gasa ƙasa, iskar da ke samanta takan yi zafi ta tashi, sai mai sanyi ta taso daga teku ta maye gurbinta. Mai komawa bakin teku a wannan lokaci kuwa ido da ido yake da ita. Shi tsauni ko ba komai kana ganin inda zai ƙare, kana ƙirga kwana-kwana. Iska ba ta da saman da za ka kai ka huta, kuma ba ta biyan ka da gangara.

Cinyoyina suka fara rawa, sai ta hagu ta ɗaure tamau. Ƙarfin da na watsar a Femenia don in burge mutanen da ko sunana ba su sani ba, shi nake nema yanzu babu. Gwiwata ta yi sanyi, na yanke shawarar tsayawa, na manta sam takalmina maƙale yake a feda. Haka na faɗi a hankali, tim, gefe guda cikin ciyawa, keke a kaina. Wasu agwagi suka tashi fir.

Dattijo ya juyo, ya tabbatar ban ji ciwo ba, ya duba sarƙa da giyar baya, sannan ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi irinta ba.

"Tashi, ɗana. Ka biyo tayata ta baya, kada tazararmu ta wuce kamu biyu. Kada ka kalli tayar, ka kalli bayana."

Na bi. Nan take nauyin ya ragu kamar an sauke mini kaya, domin na gaba shi ke tsaga iska, na baya kuwa yakan rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalarsa. Haka tsohon da a haife ya haife ni ya ja ni a bayansa har Alkudiya, kansa a sunkuye, ƙafafunsa na juyawa daidai da yadda suke juyawa tun safe. Tafiyar ranar ta haura kilomita 70.

Da muka sauka, ina ɗingishi, ya karɓi keken ya rataye. Ya ce wata guda zan ƙara a fadama, amma wannan karon da azahar zan riƙa fita. Bayan nan sai mu yi maganar hanyar Formentor da ramin da take ratsawa ta cikin dutse, wanda ya ce kada in shige shi babu fitila. Yadda na karya wannan gargaɗi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.