Abin da kullen korona ya nuna mini a gonakin Kadawa

Ni malamin gona ne a yankin Kadawa da Kura, inda ruwan madatsar Tiga ke rayar da noman rani. Da aka rufe Kano a watan Afrilun 2020, tumatir na ƙarshen kakarsa, azumi kuma ya ƙarato. An ce motocin abinci za su wuce, amma kafin direba ya gama da shingayen hanya ya isa kasuwar Mile 12 a Legas, rabin kwandunan sun zama ruwa. Dillalai suka janye daga kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan. Wanda ya zuba jarinsa kaf a tumatir ya sha wuya matuƙa. Wanda ya bar wa gero da dawa da wake gurbi a rumbu, ya ɗaure 'yan awaki a gida, ya yi buɗa-baki da iyalinsa cikin rufin asiri.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kauɗa. Don kada a yi asara duka, mata da yara suka duƙufa yanka tumatir, ana shanya shi a ƙasa, wani a bakin kwalta, ya kwana a waje. Da asuba za ka tarar da kashin ɓera, baƙi ƙanana, a tsakanin yankakken tumatirin, a kakkaɓe a zuba a buhu. Ta fitsari da kashin ɓera zazzaɓin Lassa ke kama mutum, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, kuma da rani ta fi tashi. Da rani kuma samarinmu ke cinna wa daji wuta don farautar gafiya, ɓerayen da wutar ta koro su nufo rumbuna da ɗakunan girki. Muna gudun wata annoba, ga wata muna buɗe wa ƙofa.

Wani dattijo ya ce mini, "Malam, kai ka san taki, likita ya san allura, ɓeran fa na wane ne?" Tambayar nan ce ta sauya yadda nake aiki. Yanzu idan na tara manoma, ma'aikaciyar lafiyar unguwa na gefena. Muna nuna yadda ake kafa gadon shanya da kara, a ɗaga shi daga ƙasa, a kwashe kafin magariba, a liƙe ramukan rumbu da laka. Batun ƙona daji ne har yau muke fama, domin sai mai unguwa ya sa baki samari ke saurara.