Ban Ruwa a Cikin Dusar Ƙanƙara

Haihuwar 'yata ce ta kai ni Amurka. Daga Zariya zuwa Legas, daga Legas zuwa Amsterdam, sannan kusan awa tara a sama kafin mu sauka a Minneapolis, cikin jihar Minnesota, ana ƙarshen Oktoba. A hanyar gida na yi ta kallon itatuwan bakin titi, wasu ja, wasu rawaya, kamar an tsoma su a marina.

Kwanana huɗu da zuwa, na idar da sallar asuba na ɗaga labule, sai na ga tsakar gida fari fat. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne shukokin da ke jere a jikin shinge. Duk sun sunkuya, rassansu na taɓa ƙasa, domin ganyensu bai gama zuba ba dusar ta zo ta sami wurin zama. Ni da nake da zogale da lalle a gidana, ban iya zama ina kallo ba.

"Umma, ki zauna ciki, sanyin nan ba irin namu ba ne," in ji surukina.

"Malam, bari dai in ga yadda ake yi," na ce, na zura safar hannu na bi shi.

Maƙwabcinsu, wani dattijon Bature da ya tashi a gona, ya riga mu fitowa da tsintsiya. Shi ya hana ni girgiza reshe. A sanyi reshe kan yi gautsi, sai a sa tsintsiya ta ƙasa a ɗaga shi a hankali har dusar ta zube. Yana yi yana ba mu labarin ranar 31 ga Oktoban 1991, lokacin da aka fara wata dusa da ta tara inci 28 a birnin kafin ta tsaya.

Bayan kwana biyu rana ta fito, dusar ta fara narkewa, sai na ga dattijon ya jawo tiyo yana ban ruwa. Na tambayi dalili. Ashe shukar da ba ta zubar da ganye, irin wadda suke kira arborvitae, ƙishirwa ce ke kashe ta. Idan ƙasa ta daskare, saiwa ba ta iya jan ko ɗigo, iska da rana kuwa suna ci gaba da tsotse ruwan ganye, sai a wayi gari a watan Afrilu gefe guda ya ƙone ƙurmus. Don haka ake ƙosar da ita tun ƙasa na da laushi. Nan take na gane, domin haka iskar hunturu ke yi wa dashen mangwaro a wurinmu idan aka yi sakaci. Dusar da nake tsoro ma, in ta kwanta a gindin shuka, bargo ce gare ta.

Wunin Asabar muka yi aikin. Surukina ya kafa turaku ta gefen da iska ke bugowa da gefen kudu, muka ɗaura yadin algarara kamar zana, muka bar sama a buɗe don shukar ta sha iska. Muka zuba ɓawon itace kaurin yatsu huɗu a gindi, amma ba a jikin kara ba, kada ɓeraye su yi gida. Ƙananan kuma muka zagaye su da ragar waya saboda zomaye. Dattijon ya nuna mini wani tsohon tabo a jikin tuffarsa, inda zomo ya gaigaye ɓawon saura kaɗan ya zagaye. Da ya haɗe, da itacen ya mutu. Ya ce a ɗaga ragar sosai, domin dusa in ta taru, a kanta zomon ke tsayawa ya kai inda ba a zata ba.

Ɗaurin igiyar ni na karɓa, irin wanda nake yi wa danga saboda awaki. Yatsuna sun sandare kafin in kai turke na shida. 'Yar tawa ta ƙwanƙwasa taga, jariri a kafaɗarta, tana nuna mini kofin shayi. Na ɗaga mata yatsu biyu, saura turke biyu in shigo.