Ni da tsohon mashin ɗina

Wata uku kenan da na sayi wani tsohon mashin na doguwar tafiya a nan ƙasar da nake zaune, ni da ko fulogi ban taɓa canzawa ba wallahi. Mai shi ya ce shekara 4 yana ajiye a gareji, ai kuwa da na buɗe tanki sai warin tsohon fetur ya buge ni, ga tsatsa a ciki, kafireto ya toshe da wani abu kamar ƙaro.

Tayoyin ma da farko na ce lafiyarsu lau tunda zanensu bai cinye ba, ashe akwai lamba huɗu a gefe, biyun farko makon da aka ƙera tayar ne biyun ƙarshe shekarar, nawa 2311 ne, wato 2011 fa! Dole na canza. Man birki shi ma ya yi baƙi don yana shan danshi.

Kuɗin bakanike a nan sai dai a yi shiru, ga yarensu bai gama zama a bakina ba, hoton noti nake nuna wa mai shago a waya. Yanzu maɗaurin akwatunan kaya nake haɗawa, jiya na kashe noti biyu garin ɗaurewa da ƙarfi.