Yaron Gareji da Ɗalibin Jami'a: Me Ya Hana Hanyoyinsu Haɗuwa a Kano?

A birnin Kano akwai hanyoyi biyu da matashi ke bi don ya samu abin dogaro da kai. Ta farko ita ce ta makaranta: firamare, sakandare, jarrabawar WAEC ko NECO, sai JAMB, sannan a yi ta addu'ar samun gurbi a Jami'ar Bayero, ko Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, ko Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano. Ta biyu kuwa ta ubangida ce, inda uba zai kama hannun ɗansa ya kai shi wurin wani bakanike a Ƙofar Ruwa, ko mai gyaran waya a Farm Centre, ko ɗan kasuwa a Kantin Kwari, ya ce masa ga amana nan. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne yadda waɗannan hanyoyi suke tafiya kafaɗa da kafaɗa a gari ɗaya, sau da yawa ma a gida ɗaya tsakanin wa da ƙani, amma ba a yi musu mahaɗar da wanda ke kan ɗaya zai iya tsallakawa zuwa ɗayar ba tare da ya koma ya faro daga tushe ba.

Idan ana maganar haɗa ilimi da aikin yi, yawancin masu magana kan fara da ɗaliban jami'a da suka gama ba su samu aiki ba. Ni ina ganin ya fi dacewa a fara da yaron gareji, domin su ne suka fi yawa, kuma su ne ba a lissafawa. Yaron da ya shafe shekaru a ƙarƙashin ubangidansa yana sauke inji yana mayarwa, wanda da jin ƙarar mota zai gaya maka inda matsalar take, ya samu ilimi na gaske, kuma ya same shi ba tare da gwamnati ta kashe masa ko sisi ba. Amma ranar da wani kamfani ya buɗe ɗaukar ma'aikata, ko aka ce ana neman masu fasaha a aikin shimfiɗa bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, ko a aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, abin da za a fara tambayarsa shi ne takarda. Sallamar da ubangidansa ya yi masa, da addu'ar da aka yi ranar yaye shi, suna da daraja a unguwa da cikin 'yan sana'a, sai dai ba sa shiga fayil. Daga nan sai a ɗauke shi a matsayin lebura ana biyansa kuɗin yini, ko kuma a kawo wani daga nesa mai takarda ya zama shugabansa, alhali shi ne zai riƙa nuna masa aikin.

Abin takaicin shi ne maganin wannan matsala yana nan a rubuce. Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, wato NBTE, wadda aka kafa a 1977 kuma hedikwatarta ke Kaduna, tana da tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa mai hawa-hawa, kuma a cikinsa akwai tanadin tantance abin da mutum ya riga ya iya tun kafin ya zo. Ma'anarsa ita ce mai tantancewa zai je inda mutum yake aiki, ya ga abin da hannunsa ke yi, ya auna shi da mizanin da aka amince da shi a wannan sana'a, sannan a ba shi shaida daidai da matakinsa, ba tare da an ce sai ya koma aji ya zauna da yara ba. A Kaduna an gwada irin wannan da masu sana'ar kasuwar Panteka tare da Kwalejin Fasaha ta Kaduna. Akwai kuma hukumar NABTEB da aka kafa a 1992, wadda ke shirya jarrabawar fasaha da kasuwanci, tana karɓar masu zana jarrabawa daga waje, kuma ana amfani da sakamakonta wajen neman gurbi a manyan makarantu kamar yadda ake amfani da na WAEC. Ga kuma tsohuwar jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago. To amma mai karatu ya tsaya a kowane gareji ko shagon walda ya tambayi yaran wurin ko sun taɓa jin ɗaya daga cikin waɗannan. Hukumomin suna jiran masu sana'a su zo ofis, su kuma masu sana'a ba su san ana jiransu ba.

A ganina ƙungiyoyin sana'a ne ya kamata su zama ƙofar shiga. Kanikawa da teloli da kafintoci da 'yan walda da masu gyaran waya duk suna da ƙungiyoyi da shugabanni, sun san wane ne gwani, wane ne ɗan koyo, kuma su ne ke sasanta rikici tsakanin ubangida da yaronsa. Da Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano za ta zauna da su, a horar da wasu daga cikin manyan gwanayen su zama masu tantancewa, a kuma buɗe ajin yamma na lissafi da Turanci da zanen fasaha ga yaran da suke son ci gaba, da an samu matashin da zai tashi daga gareji ya yi difloma, in ya so ya wuce aji biyu na jami'a ta hanyar shiga kai-tsaye da JAMB ta tanada. Ajin yamman nan shi ne ginshiƙin abin, domin abin da ke tare yawancin yaran sana'a shi ne kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi. Da yawa daga cikinsu almajirai ne ko tsofaffin almajirai da suka haddace Alƙur'ani, wanda hakan kaɗai shaida ce cewa ƙwaƙwalwa ba ita ce matsalarsu ba.

Ta ɓangaren makaranta kuma, gadar da aka gina tun tuni ita ce shirin koyon aiki a masana'antu, SIWES, wanda Asusun Horar da Ma'aikata na ITF ya ƙirƙiro a 1973, shekara biyu bayan kafa asusun. Ɗalibin injiniya ko kimiyya ko aikin gona a jami'a yakan yi kimanin wata shida a wurin aiki, na kwalejin fasaha kuma yakan yi wata huɗu, sannan ya ƙara shekara guda bayan ƙaramar difloma kafin ya koma yin babba. Tunani ne mai kyau, kuma an yi shi ne a lokacin da Bompai da Sharaɗa da Challawa suke cike da masaƙu da majemu da kamfanonin alewa da robobi da man gyaɗa. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa yau, rashin wutar lantarki da tsadar canji da kwararowar kayan waje sun rufe da yawa daga cikinsu, yayin da yawan ɗalibai ya ninka. Sakamakon haka, ɗalibi yakan yi ta yawo da wasiƙar makaranta daga wannan ofis zuwa wancan, in ya gaji sai ya nemi wani ɗan uwa a wata ma'aikata ya buga masa hatimi a littafin rahotonsa, ya koma gida ya jira wata shida su cika. Malamin da ya kamata ya je duba shi sau da yawa ba a ba shi kuɗin mota ba. Kowa ya san haka ake yi, kuma a ƙarshe a ba da maki.

Duk da haka Kano ba ta rasa wuraren koyon aiki ba, wuraren ne suka sauya kama. Kamfanonin casar shinkafa sun yawaita, kuma kowanne yana buƙatar mai kula da inji da tukunyar tururi da lantarki. Kasuwar hatsi ta Dawanau tana fitar da riɗi da zoɓo da citta zuwa ƙasashen waje, aikin da ke buƙatar wanda ya san gwajin inganci da takardun fito, musamman tun da aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a 2023. Haɗa sola ya zama sana'ar da kusan kowace unguwa ke nema. Masu takalma da jakunkuna na Ƙofar Wambai suna da hannu, abin da suke nema shi ne wanda ya san zane da lissafin farashi da tallar intanet. Matsalar ita ce yawancin waɗannan wurare ƙanana ne, wasu ba su da rajista, don haka makaranta ba ta ɗaukarsu a matsayin wurin da ya cancanci a tura ɗalibi. Ina ganin ɗalibin injiniyan lantarki da ya yi wata shida tare da gwanin haɗa sola a Sabon Gari ya fi wanda ya yi su yana ɗaukar fayil a sakatariya amfana nesa ba kusa ba, kuma shi ma gwanin zai ƙaru da lissafin da ɗalibin ya zo da shi.

Ana yawan kawo misalin Jamus, inda ɗan koyo yake yin kwana uku ko huɗu na mako a kamfani, sauran kuma a makarantar sana'a, ana biyansa alawus, kuma ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu sana'a ne ke shirya masa jarrabawar ƙarshe. Abin da ya kamata mu ɗauka daga can shi ne wannan na ƙarshe: masu ɗaukar aiki suna da baki a kan abin da ake koyarwa da yadda ake gwadawa, shi ya sa suke yarda da takardar. A nan kuwa mun taɓa gwada kwaikwayon siffar ba tare da wannan ba. Lokacin da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, an sayo injinan koyar da fasaha aka rarraba wa ƙananan sakandare, da yawansu suka ruɓe a cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu malamin da ya iya sarrafa su, kuma babu wanda ya tambayi masu sana'ar garin ko me suke buƙata.

Akwai kuma cikas ɗin da gwamnati da kanta ta gina, wato bambancin da ake nunawa tsakanin mai babbar difloma da mai digiri wajen matsayi da ƙarin girma. Majalisar Tarayya ta amince da ƙudirin soke shi a 2021, amma bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba. Muddin uba yana ganin ɗansa zai tsaya a wani mataki saboda kawai ya bi ta kwalejin fasaha, zai ci gaba da matsa masa ya sake zana JAMB shekara bayan shekara yana neman jami'a, ko da kuwa hannun yaron da zuciyarsa suna wajen ƙira.

'Yan mata su ne wannan rata ta fi shafa, domin hanyar ubangida a gareji ko kasuwa ba a buɗe take gare su ba kamar yadda take ga maza. Sana'o'insu na cikin gida, irin su ɗinki da saƙa da haɗa turare da girke-girken sayarwa, suna juya kuɗi masu yawa a garin nan, amma babu mai ba su shaida, babu kuma hanyar da za ta kai mai yin su zuwa karatu na gaba. A lokaci guda asibitocinmu na ƙauye da na birni suna kukan ƙarancin ungozoma da ma'aikatan jinya mata. Yarinyar da ke aji uku na ƙaramar sakandare tana buƙatar wanda zai zaunar da ita ya gaya mata cewa in tana son aikin jinya dole ta zaɓi ajin kimiyya, ta riƙe ilimin halittu da kemistiri da fiziks, tun kafin lokaci ya ƙure. A yawancin makarantun gwamnati malamin ba da shawara suna ne kawai a jikin allo, domin an ɗora masa darussa kamar kowa. Gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, an kuma mayar da hankali kan gyaran azuzuwa da ɗaukar malamai, wanda ya dace. Ina roƙon a saka wannan ma a ciki: kowace sakandare ta samu malami guda da aka rage wa darussa, aikinsa shi ne sanin guraben manyan makarantu da sharuɗɗansu, da rancen karatu na NELFUND da ya fara aiki a 2024, da kuma shugabannin sana'o'in da ke kewaye da makarantar, ya riƙa gayyato su suna yi wa ɗalibai bayani kafin su zaɓi aji.