Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kuɗin Inshora Ya Tsayar da Motata a Fili

A makon jiya na tsaya a ranar da na karɓi makullin kan tirelata, ƙirar Freightliner Cascadia ta 2016, a ƙarshen shekarar 2021. Dala 68,000 na biya, domin a wannan lokacin lodi ya yi yawa a Amurka, kowane direba yana son mallakar tasa, tsofaffin motoci kuma suka yi tsadar da ba a saba gani ba. Kuɗin guminmu ne na shekara uku da na yi ina tuƙa wa wani kamfani tirela daga Kolombos ta jihar Ohayo, haɗe da kwasar adashen da muke yi da 'yan uwa Hausawa, galibinsu mutanen zangon Kumasi da na Akara. Na guje wa bashin banki saboda kuɗin ruwa, kuma na ɗauka cewa tunda mota ta shigo hannu, mai wuyar ta wuce.

Wanda zai yi dakon kaya tsakanin jihohi da sunan kansa dole ya nemi izini daga hukumar tarayya mai kula da manyan motoci, wato FMCSA. Na biya dala 300, aka ba ni lambar DOT, wato ta rajista da ma'aikatar sufuri, da ta MC, wato ta izinin dakon kaya, amma izinin ba ya fara aiki sai kamfanin inshora da kansa ya aika wa hukumar shaidar cewa ya tsaya maka. Mafi ƙarancin abin da doka ta yarda da shi ga mai ɗaukar kaya na yau da kullum shi ne inshorar dala 750,000, ta biyan diyya ga duk wanda motarka ta yi wa ɓarna, adadin da ya samo asali daga dokar sufuri ta 1980. Sai dai dillalan lodi ba su kallon wannan adadi. Kusan dukansu suna neman dala miliyan ɗaya, da ƙarin dala 100,000 ta kayan da ke cikin bodi, kafin su ba ka ko da lodi guda.

A Kano na tashi, inda mafi yawanmu muka ɗauki inshora a matsayin takardar da ake ajiyewa a mota domin nuna wa 'yan sanda a shingen hanya. Da wannan tunanin na kira wakilin inshora na farko, ina da tabbacin cewa shekara uku ba tare da ko ƙwarzane ba za ta yi mini magana. Ya tambaye ni shekarun lasisina na CDL, wato na tuƙa manyan motocin kasuwanci, da lambar unguwar da motar za ta riƙa kwana, da nisan da zan riƙa zuwa, da irin kayan da zan ɗauka, har da tarihin biyan bashina. Bayan kwana biyu ya kira ya ce dala 27,000 a shekara. Na ce ya maimaita, ya maimaita.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne bayanin da ya biyo baya. Ya ce tsabtar lasisina ce ta sa aka ma yarda aka yi mini farashi, domin kamfanoni da yawa ba su karɓar direban da bai cika shekara biyu ba, amma duk tafiyar da na yi a baya a ƙarƙashin lambar ubangidana aka rubuta ta. Lambata sabuwa ce, ba ta da tarihin haɗari ko rashinsa, kuma kamfanonin da ke karɓar sabon shiga 'yan kaɗan ne, saboda haka su ke yanka farashi. Har yau ina ganin akwai rashin adalci a cikin wannan tsari, domin hannun da ya riƙe sitiyari jiya shi ne zai riƙe shi gobe. Amma na fahimci fargabarsu, tunda haɗarin tirela guda ɗaya, in ya kai gaban kotu, yana iya cinye miliyan ɗin nan gaba ɗaya.

Wani dattijo daga cikin 'yan adashenmu, wanda ya shekara fiye da goma da motarsa, shi ya zaunar da ni bayan sallar Juma'a. Ya ce, “Ɗana, da ka yi shawara da ni, da ka san farashin inshora kafin ka taya mota.” Ya nuna mini hanya biyu. Ko in saka motata a ƙarƙashin izinin wani babban kamfani, su ɗauki nauyin babbar inshorar, ni in biya ta jikin motar da ta lokacin da nake tafiya ba a bakin aikinsu ba, abin da ba zai wuce 'yan ɗaruruwan daloli a wata ba, amma su riƙa cire kasonsu daga kowane lodi. Ko kuma in daure in tsaya da ƙafata. Na ce masa, “Alhaji, barin gidan wani ne ya sa na sayi motar nan.”

Ya haɗa ni da wani wakili mai hulɗa da kamfanoni da dama. Muka rage nisan tafiyata zuwa mil 500 daga gida, na yarda ba zan ɗauki motoci ko kayan sanyi ba, na kuma amince a saka kyamara a gilashin gaba. Farashi ya sauko zuwa dala 21,600: dala 15,200 ta diyyar mutane, 2,100 ta kaya, 4,300 ta jikin motar. Na so in cire ta ƙarshen tunda babu bankin da ya tilasta mini, sai Alhaji ya tambaye ni abin da zan koma yi idan motar ta kife a ƙanƙarar watan Janairu. Ban sake tayar da maganar ba. Da na raba kuɗin a kan mil 100,000 da nake fatan yi a shekara, sai na ga kusan santi 22 na kowane mil ya tafi tun kafin in sayi man dizal.

Saura yadda za a biya. An ce in ba da kashi 25 cikin ɗari, wato dala 5,400, a matsayin kafin alƙalami, sauran kuma wani kamfanin ba da bashi ya biya, in riƙa mayar masa wata-wata da kuɗin ruwa a kai. Abin da na guje wa wajen sayen motar shi ne ya tare ni a nan. Dala 9,000 kacal suka rage mini. Da daddare na faɗa wa maiɗakina, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, “Maigida, gwal ɗin aurena ajiya ce don irin wannan ranar.” Ta sayar, Alhaji ya ranta mini ragowar ba tare da ƙarin ko sisi ba, na biya kuɗin shekarar a dunƙule.

Izinina ya fara aiki a watan Fabrairun 2022, bayan motar ta shafe kusan wata biyu a filin ajiya ina biyan hayar wurin. Da sassafe na kira dillalin farko a kan wani lodi zuwa Indiyana. Ya nemi lambar MC ɗina, na ji yana danna kwamfuta, sannan ya ce kamfaninsu ba ya aiki da lambar da ba ta cika wata shida ba. Na biyu ya ce kwana 90. Yadda na samu lodina na farko, da abin da tashin farashin dizal ya yi mini a wannan shekarar, shi ne zancenmu na mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.